Takarda Zuwa Ga Babana, Kan Maganar Duna

Jega,
daren Lahadi.

Babana,

Ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai, sanyin bana kuma bai kama maka ƙirji ba. Mu nan duk lafiya lau. Innarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko man shafawar da ta sa maka a akwati ya ƙare. Ƙannenka kuwa sun ishe ni da tambayar ranar hutu.

Na san labari ya riga takardata isowa, domin Goggonka ba ta iya riƙe magana, an kuma gaya mini ka daina cin abincin kirki. To share hawayenka, karenka Duna yana nan da ransa. Yanzu haka yana kwance ƙarƙashin tsohon amalanken nan na bayan gida. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ba Dunan da ka bari ba ne. Shi ya sa na zauna rubuta maka doguwar takarda maimakon in bar sallahu wurin malaminku. Ka kai shekarun da za a faɗa maka abu yadda yake.

Ka san bayan tafiyarka mun kai shi ƙauye wurin Baffanka, can ƙasar Maiyama, don ya yi gadin dammunan gero kafin a sa a rumbu. Ya yi aikinsa. Amma ya kama 'yan tsakin maƙwabta, magana ta kai gaban mai unguwa, aka sa Baffanka ya biya. Ana cikin wannan ɓacin rai sai ga masu sayen karnuka a kan babur, da kejin waya ɗaure a baya. Sauran ka sani. Kuɗin da aka ba shi bai kai na ɗan akuya ba. Da na tambaye shi daga baya, sai ya ce, "Wanga kare ya ishe ni, mi kaka so in yi da shi? Sabo da kaza ba ya hana yanka." Ban ce masa komai ba a lokacin. Yayana ne.

Goggonka ce ta bugo mini waya tana kuka, tana cewa an tahi da karen yaro. Aikin duba dabbobi ya sa na san yadda sana'ar take. Masu babur suna bin ƙauyuka suna tarawa, ɗaya nan biyu can, su kai wani wuri a bayan gari inda babbar mota take jira har ta cika. Jega kuwa mararraba ce, abin da ya taso daga Sakkwato ko Birnin Kebbi zai yi kudu, ta nan zai bi ya gangara Maiyama, Koko, Yawuri, har Kwantagora. Na tambayi 'yan kamasho a tasha, suka nuna mini. Motar tana fake nesa da gidaje, bayan an haye gada, gindin wata bishiya da inuwarta ba ta kai ko rabin motar ba.

Zan gaya maka abin da na gani, ba don in tayar maka da hankali ba. Keji ne na waya, hawa uku, an jera wani kan wani. An cusa karnuka a ciki kamar buhunan albasa a motar Aliero, sai dai mai lodin albasa ya fi tausayi, domin shi yakan bar wa kayansa hanyar iska kada su ruɓe. Na sama suna fitsari da kashi a kan na ƙasa. Babu ruwa, babu mazubin ruwan ma. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun. Na ɗauka zan tarar da haushi ya cika wurin, amma ba abin da kake ji sai haki, harsuna a waje sun bushe. A jingine da taya akwai wani bututun ƙarfe mai zarge na waya a bakinsa, da shi ake shaƙo wuyan kare a ɗaga shi sama a jefa keji. Na gane Duna da farin nan na ƙirjinsa da kunnen da ƙaya ta tsaga masa bara. Na kira sunansa, ya dube ni, bai motsa wutsiya ba.

Mai kayan dattijo ne, mutumin Filato, Hausarsa tsaf. Ya tashi ya ba ni benci. Na shiga yi masa faɗa a kan ƙishirwar dabbobin, ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, maganar ruwa gaskiyarka ce. Amma ni ban taɓa shiga gidan kowa na kwance kare ba. Kirana ake yi. Duk wanda ka gani a motar nan, mai shi ne ya riƙe mini igiya." Na san akwai ɓarayin karnuka, ba kuma kowane mai wannan sana'a ne hannunsa yake da tsabta ba. Amma a kan Duna dai ba ni da bakin musa masa. Ya sayar mini da shi ninkin abin da ya saya. Na ƙara da wata karya ja da ke keji ɗaya da shi, ƙafarta ta gaba tana reto, don na ga ba za ta kai ko Yawuri ba. Na roƙe shi ya shayar da sauran, na biya mai kura ya kawo jarka huɗu. Iyakar abin da aljihuna ya iya ke nan.

Da motar ta tashi da shi, ga inda za a kai shi. A Jihar Filato, cikin Ƙaramar Hukumar Kanke, akwai wani gari Dawaki, kasuwarsa tana ci ranar Alhamis, ita ake kira babbar kasuwar karnuka ta Afirka ta Yamma. Can ake tara na jihohin Arewa, har da waɗanda ake tsallakowa da su daga Nijar da Chadi. Wasu a yanka a nan Filato, wasu a sake loda su zuwa Kalaba da Akwa Ibom, inda ake kiran naman da 404. Ka duba taswirarku ta makaranta ka ga nisan Jega da Kalaba, sannan ka tuna kejin da na kwatanta maka.

Yanzu ka buɗe kunne, domin nan ne nake tsoron zuciyarka ta kai ka inda bai dace ba. Ba sai an je Kalaba ba, a cikin jiharmu ma, a ƙasar Zuru, akwai gidajen da cin kare al'adarsu ce tun kaka da kakanni, ina kuma kyautata zaton akwai 'ya'yansu a ɗakin kwananku. Kada in ji ka tsokani wani, ko ka yi masa waƙa, ko ka ƙi cin abinci kwano ɗaya da shi saboda Duna. Mu ba ma ci, addininmu da tarbiyyarmu ba su ba mu ba. Su suna ci, babu kuma dokar Nijeriya da ta hana. Yaron da ke kusa da gadonka bai ɗaure kowa a keji ba. In laifi kake nema, fara daga zaurenmu. Mu ne muke kiran kare ƙazami, mu jefe shi in ya gifta, mu bar shi ya ci a juji, ya kwana yana tsare mana tumaki, ranar da ya tsufa ko ya yi ɓarna kuma mu miƙa igiyarsa mu karɓi canji. Wanda ya saya don ya ci bai ɓoye nufinsa ba. Mu da muke ƙyamar naman muna son kuɗin, mu ya kamata mu sunkuyar da kai.

Ba kuma addini ne ya koya mana wannan wulaƙanci ba, kada wani ya ruɗe ka. Duk Juma'a kana karanta Suratul Kahfi, ka san Allah bai ba da labarin samarin nan ba sai da ya ambaci karensu a bakin kogo. Malaminku na Islamiyya ya karantar da ku hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. An halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki umarni ne muke bi. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da kakanka ya yi shekaru yana biyawa a zaure, wanda ya rasu a shekarar 996, an ruwaito cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta rushe. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ba ya son haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya ga zamanin da suke ciki, zaki zai ajiye. Akwai kuma hadisi a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim da ya hana cin kuɗin kare. Wannan na ƙarshe shi na so in karanta wa Baffanka, na dai haɗiye.

To, ga halin da Duna yake ciki.

Da na kawo su gida ban ba su abinci ba. Dabbar da ta daɗe da yunwa da ƙishirwa, in ka cika mata ciki lokaci guda amai za ta yi, wani lokaci ma abin ya fi haka. Ruwa na riƙa ba su kaɗan-kaɗan, da ɗan gishiri da sukari, sannan koko mai ruwa-ruwa, sai daga baya tuwo da ƙananan busasshen kifi na gulbi da Innarka take dakawa. (Ita da ta rantse ba za ta taɓa kwanon kare ba, yanzu ita take tuna mini lokaci ya yi.) Wayar zargen nan ta yanke masa wuya zagaye, ƙuda ya riga ya yi ƙwai a ciki. Na sa safar hannu, na ɗaure masa baki da tsumma, na aske gashin wurin, na tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, na wanke da ruwan gishiri na sa magani. Bai yi ko ƙara ba, jikinsa kawai yake rawa. Kaska kuwa, cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, ba a magana. Na ba su maganin tsutsar ciki, na yi musu wankan ƙazuwa.

Abu ɗaya da za ka riƙe tun yanzu: kada ka zuba masa sauran miyar da ta ji albasa. Mu nan albasa ba ta yanke mana, ko wane ɗan'uwa ya zo daga Aliero da ita yake zuwa, har mun saba jefa ta a komai. Ga mutum lafiya ce, ga kare guba ce, ɗanya ko dafaffa, tana farfasa masa ƙwayoyin jini a hankali har ka ga dasashinsa ya yi fari yana layi. Tafarnuwa ma haka.

Ita jar karyar, ƙannenka sun sa mata suna Tsintuwa. Karayar tata ta fi ƙarfina, Sakkwato kuma inda asibitin koyarwa na dabbobi yake a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi mini nisa da tsada. Sai na tuna Aliero ba albasa da jami'a kaɗai gare ta ba, gari ne na masu ɗori, har daga ƙasashen maƙwabta ana kawo musu masu karaya. Na je wurin wani dattijo da muka saba, ina ta kewaye-kewaye don kunyar abin da zan roƙa. Da ya gane, ya yi dariya ya ce, "Ƙashi dai ƙashi na, Malam. Amma bari sai an yi Isha'i, kuma kak ka hwaɗa ma kowa." Ya zo da karan dawa da ya fere daidai tsawon ƙafar, ya shafa wurin da yatsa biyu idonsa a rufe, ya ja sau ɗaya, na ji ƙashin ya koma. Ya jera karan ya naɗe da tsumma, bai matse sosai ba don jini ya samu hanya. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ga shi na faɗa maka, kai ma sai ka riƙe masa amana. Ta fara dafa ƙafar.

Ciwon jiki mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya shi ne Duna ya daina yarda da mutum. Ba ya haushi, ko baƙo ya shigo. In ya ji ƙarar babur sai ya shige can ƙuryar amalanke ya saki fitsari. Ba ya cin abinci in ana kallonsa. Abin da nake yi, bayan Magariba in ɗauki tabarma in zauna nesa da shi, in ba shi gefe, in kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ba na kiransa, ba na miƙa hannu. Kullum ina ɗan matsowa. Shekaranjiya ya fito ya sha ruwa ina zaune. Wannan shi ne babban labarin gidanmu a makon nan.

Saura magana mai nauyi, ita ce dalilin da ya sa yake ɗaure a keɓe, ƙannenka kuma ba sa zuwa wurin. Ciwon haukan kare. A keji irin wancan an haɗa karnukan garuruwa da yawa, ba wanda ya san wanda aka yi wa allura, suna cizon juna saboda matsi. Wani ma da ya ga karensa ya fara canza hali, maimakon ya kai rahoto sai ya yi maza ya sayar. Likitocin dabbobi a ƙasar nan sun sha gwada ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a kasuwa, masu kama da lafiyayyu, suka samu ƙwayar cutar a cikin wasu. Ka ga motar nan ba karnuka kaɗai take ɗauka daga jiha zuwa jiha ba, mahautan da ke fasa kan da hannu tsirara kuma su ne a bakin haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 kuma yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Sa'anninka ke nan. Da zarar alama ta bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa yana firgita, sai dai addu'a.

Abin takaicin shi ne rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka, a Jihar Filaton nan da kasuwar Dawaki take. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Amma je ka ƙauyukanmu ka tambayi wanda ya taɓa kai karensa, za a yi maka kallon wanda ya zautu. Na samo allurar daga Birnin Kebbi cikin kula da ƙanƙara, na yi musu su biyun. Sai dai allura ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta shiga, cutar kuma tana iya ɓuya a jikin kare makonni, har watanni. Duna yana da tabon cizo a cinya. Don haka zai zauna a keɓe wata da watanni ina dubansa. In ya fara dalalar da yawu, ko cizon itace da ƙasa, ko muryarsa ta canza, ba zan bar shi ba, Babana, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ina faɗa maka tun yanzu don kada ranar ta zo ka ce na yaudare ka. Har yau dai ban ga komai ba, alhamdu lillahi.

Kai ma ka riƙe wannan ko a makaranta. In kare ya ciji wani ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura. Ba toka, ba barkono, ba ƙona gashin karen a shafa. Ka gaya wa abokanka.

Na san za ka tambaya me ya sa ban saye motar gaba ɗaya ba. Ko ina da kuɗin, da ban yi ba. Ribar da dattijon nan ya ci a kaina, da ita zai sayi wasu karnukan a ƙauye na gaba. Na fanshi Duna don naka ne, na fanshi Tsintuwa don idona ya riga ya gan ta, amma ban rage wa sana'ar komai ba. A Koriya ta Kudu, inda ake kiwon karnuka a gonaki don yanka, wata ƙungiya da a lokacin ake kira Humane Society International ta fara bin wata hanya a 2015. Takan yi yarjejeniya da mai gona ya rufe har abada, ta taimaka masa ya kama wata sana'a, karnukan kuma a yi musu magani a ɗauke su a jirgi zuwa Amurka da Kanada da Ingila, a ba masu so. A watan Janairun 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar hana kiwo da yanka da sayarwa, aka ba masu sana'ar shekara uku su shirya, zuwa 2027. Na yaba da yadda suka tuna da cikin mai gonar, domin dokar da ta manta da abincin mutum ba ta kwana biyu. Amma mu ba mu da gonar da za a rufe, ba mu da jirgi. Karnukan motar nan daga gidaje suka fito, ɗaya-ɗaya. Ranar da masu gida suka daina miƙa igiya, babur zai koma da keji wayam. Na fara yi wa masu unguwanni wannan magana duk inda na je allurar shanu, ina haɗawa da batun cutar, don shi ne yake sa su gyara zama. Wasu suna saurare, wasu suna dariya.

Game da Baffanka, in ka zo hutu za mu je, za ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba, ba tare da ɗaure fuska ba. Shi ya ɗauke ka a kafaɗa ya kai ka kallon kokawa kana ƙarami. Bai yi daidai ba, ya kuma sani, domin shekaranjiya ya aiko da tiya biyu ta dawa ya ce a yi wa "mai jinya" tuwo. Iyakar ban-haƙurin da za ka samu daga babba ke nan, ka karɓa.

Ranar da ka iso, kada ka ruga wurin Duna, kada ka rungume shi, kada ka bari ya lashe ka. Za ka zauna a tabarmata, a inda nake zama, ka yi shiru. Wataƙila ya gane ka, wataƙila ya ɗauki lokaci. In bai fito ba kada ka ji haushinsa. Wankin kwanonsa da canza masa ruwa safe da yamma aikinka ne har hutu ya ƙare, da safar hannu, ina tsaye.

Ka koma cin abincinka, jarrabawa ta kusa. Na ba direban da zai kawo takardar nan ƙuli-ƙuli da garin kwaki da naira dubu biyu, ka ƙirga a gabansa. Ka gaishe mini da malamin ɗakinku, ka kuma rubuto mini amsa da hannunka, ba saƙon baki ba. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.